Jan Layi Biyu

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Sada ne ya daka tsawar. Rana tsaka, kan hanyar Gwaram. Gingimari shaƙe da dilolin atamfa ta tsaya a karkace, direba ya diro yana salati. Wata 'yar kasuwa ta ƙanƙame ƙullinta — Sada ya fizge, ya hankaɗa ta cikin kwalbati. Shekara tara ke nan yana yi wa Hambali, ogan ƙungiyar, irin wannan aiki.

Amma Hambali ko kallonsa bai yi ba. Idonsa na kan Fijo, inda Ɗanbala ke zaune da akwatin rediyon oba-oba a cinya. Sai ga Ɗanbalan ya leƙo.

"Oga! 'Yan sanda sun baro Birnin Kudu!"

"Mu ware!"

A maɓoyarsu, cikin duwatsun bayan Kiyako, Hambali ya yanki cinyar rago ya miƙa wa Ɗanbala.

"Ci, Malam. Kai ne kunnenmu."

Malam! Sada ya ji naman bakinsa ya koma ɗaci. Mai gyaran rediyo ne fa a bakin tasha, watansa huɗu da shigowa, bai taɓa riƙe bindiga ba. Yanzu har kujerar gaba, wadda dā ta Sada ce, shi ake bar wa.

Bayan an watse Sada ya matsa, yana murmushin dole.

"Wai ya abin nan yake ne?"

Ɗanbala ya gyara zama. "Takardar izinina ta magana a rediyo, ta 'yan koyo ce. Ka ga jan layin nan biyu da na zana a gilashi? Tsakaninsu kaɗai aka yarda mu yi magana, mu masu sha'awar abin. Ni na kwance cikinta na ƙara mata zango, har take kamo layin 'yan sanda. Can kuwa sauraro kawai, ba a danna maɓallin magana."

"In an danna fa?"

"Sai su ji ka raɗau."

Ran Alhamis da hantsi Ɗanbala ya gangara rafi wanka. Sada ya sulale cikin Fijo. Ya murɗa allura ta tsallake jan layi, ya danna.

"Ɗanbala mai gyaran rediyo na tasha, shi ke kai wa 'yan fashi labarinku."

Iyakar nufinsa ke nan: a ɗauke mutumin a shagonsa, kujera ta dawo hannun mai ita. Sai ya ji taku. Ya cusa abin maganar ƙarƙashin katifar kujera, bai lura maɓallin ya danne ba.

Hambali ne. Ya jingina da tagar motar.

"Yau da la'asar, gadar Basirka. Mota ce cike da sababbin babura. Kai za ka tare gaba."

A caji ofis na Birnin Kudu, Sufeto Abu ya ɗaga wa yaransa hannu.

"Kada wanda ya yi ko tari."

Ya ja takarda yana rubutawa.

Da Ɗanbala ya dawo, akwati ta yi tsit. Batir ya ƙare ƙaf.

"Oga, mu fasa. Yau ba mu da kunne."

Sada ya tuntsire da dariya. "Shekara tara muna aiki ba akwati! Ko tsoro ne, Malam?"

Hambali ya dubi wannan, ya dubi wancan. "Sada ya yi gaskiya. Shigo gaba, mutumina."

Tun daga Kiyako har Basirka, Sada bai daina murmushi ba.

Motar baburan ta hau gada. Sada ya diro, ya saita direba da bindiga.

"Tsaya!"

Tamfal ɗin baya ya yaye — ba babur ko ɗaya. Bakin bindigogi!

Tau! Tau! Tau!

"Tarko ne! Juya—"

Hambali bai ƙarasa ba. Ya kife a kan sitiyari, hon yana ta kuka. Harsashi ya fasa wa Sada gwiwa, ya zube. Ɗanbala ya fito hannu sama.

Sai a kotu Sada ya gane. Sufeto Abu ya karanta abin da ya rubuta, kalma bayan kalma, har da "Kai za ka tare gaba." Ɗanbala ya juyo a hankali.

"Kai ne?"

Sada ya sunkuyar da kai. Hambali, wanda ya tsince shi yana dako a tasha ya mai da shi mutum, yana cikin ƙasa. Mutum biyu na ƙungiyar sun bi shi. Sauran biyun da suka rage, shi da Ɗanbala, an yanke musu hukuncin harbi.

Ranar da aka ɗaure su a jikin durom, filin ya cika maƙil. Har daga Sundimina da Gwaram mutane suka zo a kan kekuna. Sada ya ɗaga kai, yana neman ido ɗaya da zai tsaya a kansa. Shi ne fa ya addabi hanyar nan shekara tara.

Wani dattijo a sahun gaba ya taɓa ɗan sanda.

"Ɗana, wanne ne mai rediyon?"

Aka nuna Ɗanbala. Duk wuyan filin ya karkata can.

"To wancan gurgun fa?"

Ɗan sandan ya ɗaga kafaɗa. "Wani yaronsa ne."

Sada ya buɗe baki zai faɗi sunansa. Sojoji suka ɗaga bindiga.