Layin da Bai Kamata a Ja Ba

Ana gab da magariba Mai Tawada ya je ɗakin aikin ƙanensa ɗauko shafin ƙarshe. Shekara talatin suna fitar da mujallar zane tare: ƙanen ya zana da fensir, shi ya bi da tawada. Labarin na wasu masana kimiyya uku ne da injinsu ya jefa su wata duniya. Kullum suna neman hanyar gida, kullum suna faɗawa wadda ta fi ta baya muni.

Kwana tara ke nan ba a ga ƙanen ba. An duba asibitoci, an je wajen 'yan sanda, shiru.

Matar ƙanen ta miƙo masa mabuɗi, kanta a ƙasa. "Yaya, ni dai ban sake shiga ba. Yadda ya bar shi haka yake, har takalmansa."

Ɗakin na warin takarda da ƙurar fensir. Shafin na manne a kan allo, an raba shi gida shida, kowane gida da layi huɗu kewaye da hotonsa. A na shida masanan na tsaye a wani fili marar sama, amma gefen dama babu layi. An bar shi a buɗe.

Mai Tawada mutum ne da ba ya iya ganin aiki a sake. Bai ko yi tunani ba. Ya ɗauki rula, ya tsoma alƙalami, ya ja layin daga sama har ƙasa, miƙe sambal.

Sai wani abu ya bugi takardar daga ciki. Ƙas. Kamar ƙwaro a jikin gilashi.

Ya gyara tabarau, ya sunkuya, ya ƙirga masanan. Huɗu.

Na huɗun ba shi da farar riga irin tasu. Ba takalmi a ƙafarsa. Ya dafa sabon layin da hannu biyu.

"Yaya." Muryar siririya, kamar fensir na gogar takarda. "Me ka yi? Saura mana taku uku."

"Auta? Kai ne?"

"Na shigo nuna musu hanya ne. Kai ko ƙofar Aljanna ka tarar a buɗe sai ka sa mata rula. Buɗe, don Allah. Wani abu na bayanmu."

Tawadar ba ta goguwa. Ya fi kowa sani, shi yake haɗa ta. Ya zazzage aljihun tebur ya sami reza, ya fara kankare layin a hankali, kada takardar ta yage da su a ciki.

Sanyi ya busa ta 'yar kafar da rezar ta buɗe, da warin ƙonannen ƙarfe.

A gefen hagu na hoton wani baƙi ya ɓullo, wanda ba wanda ya zana shi. Yana yaɗuwa. Ya rufe masani na farko. Ko ihu babu.

"Yi sauri, Yaya!"

Kafar ta kai faɗin farce. Wani yatsa mai launin toka ya leƙo, ya taɓa nasa. Ya san tabon da ke jikinsa. Shi ya datse masa shi da ƙofa suna yara.

Baƙin ya ci na biyu. Ya ci na uku.

Fitilar ɗakin ta dusashe. Duhu ya fara ɗigowa ta kafar zuwa kan tebur. Ya lashi rular, rabinta ya ɓace.

Yatsan ya janye.

"Rufe."

"Wallahi ba zan rufe ba."

"'Ya'yana na cikin gidan nan. Rufe, Yaya. Ai ka iya."

Ya rufe. Ba rula, hawaye sun rufe masa ido, duhun na cin bakin hannun rigarsa. Layin ya fito a karkace, na farko a rayuwarsa.

Takarda ta yi tsit.

Mujallar ba ta sake fitowa ba, matar kuma bai gaya mata komai ba. Shafin na gidansa. Gida na shida ya zama baƙi ƙirin, sai wani ɗigo mai launin toka a jikin layin, bai fi kafar allura ba. Kullum da yamma yakan zauna ya dube shi, reza a hannu. Har yau bai ɗora ta ba, bai kuma ajiye ta ba.