Tajin ɗin da Gizlan Ta Ci a Taliwin

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan matana!

Ta zo mu ji ta, Kaka, ko mai ɗaci ce!

To ku matso, mai ɗacin ce kuwa.

"Buɗe baki mana, hasken idona... lomar nan kawai."

"Sufyan, mutane na kallonmu fa!"

"Su kalla. Matata ce, ɗana nake ciyarwa."

Gizlan ta yi dariya ta karɓi lomar. Suna zaune a wani ɗan gidan abinci a bakin hanyar Taliwin, tajin, dahuwar tukunyar ƙasa, na tururi a tsakaninsu, kaza da zaitun, ƙamshin za'afaran ya cika wurin. A waje ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, kwana uku ke nan, bayan shekara shida ƙasar kudu ba ta ga ɗigo ba.

Ku san cewa Gizlan cikin wata biyar gare ta. Shekararsu huɗu da aure, sau biyu ciki na zubewa, surukarta Lalla Batul kuwa ba ta taɓa ɓoye cewa 'yar birni ta so wa ɗanta ba, ba 'yar ƙauyen dabino ba. Don Gizlan ta sha iska Sufyan ya ɗauko ta daga gidansu na Agadir, hutun kwana biyu. Tun a ƙofar gida ya karɓe wayarta ya jefa a aljihun mota.

"Ba labarin ambaliya, ba tsegumin kowa. Ni da ke kawai."

Sun kwana a Tarudant. Da safe ta gan shi ta taga yana waya a tsakar masaukin, yana kai da komo. Da ya shigo ta tambaye shi, ya ce wurin aiki ne.

Yanzu ga shi yana tura mata cinyar kaza zuwa gefenta na tukunyar, yadda ake yi wa wanda ake so, shi kuwa sai juya gurasa yake a cikin romo.

"Kai ba ka ci ba."

"Kallonki ya ƙosar da ni."

"Maƙaryaci! Kai da kake suɗe tukunya har ta yi ƙara?" Ta leƙa taga. "Yau Baba ba zai zauna ba. Na san yana can da fartanyarsa yana buɗe wa gonaki ruwa, yana faɗa da kowa. Shekara shida yana jiran ranar nan!"

Sufyan ya ɗauki kofin shayi ya kai baki.

A teburin da ke kusa direbobin manyan motoci ne uku da ruwa ya tsare. Babbansu, wani mai furfura, ya juyo.

"'Yata, harshenki na mutanen yankin Tata ne. Wane gari?"

"Tizgi, Baffa."

"Tizgi! Allah Sarki. Ashe ke ma ta'aziyya za ki. Ai kun makara, jandarmomi sun rufe hanyar Igirim tun ƙarfe goma sha ɗaya."

"Ta'aziyyar wa?"

Sufyan ya miƙe. "Malam, abinci muke ci..."

"Ta Si Burahim mana, mai rabon ruwa. Jiya da yamma ya je buɗe madatsa, ruwa ya tafi da shi. Da asuba aka same shi a cikin dabinai. Ai yanzu an gama, bayan azahar aka ce za a kai shi."

Sunan mahaifinta ke nan. Gizlan ta dubi agogon bango. Uku saura kwata.

Ta dubi ƙashin cinyar da ke gabanta, ta riga ta cinye naman tas.

"Sufyan..."

"Gizlan, zauna, don Allah, cikinki..."

"Wa ya kira ka da safe?"

Ya jawo mata kujera.

"Na ce wa ya kira ka!"

"Yayanki... Lahasan."

"Me ya ce?"

"Ya ce in kawo ki. In ce miki jikin Baba ne ya tashi. Ya ce za su jira ki ga fuskarsa kafin a fita da shi."

"Ƙarfe nawa?"

"Bakwai."

"Bakwai! Tafiyar awa huɗu ce, Sufyan! Hanya a buɗe take a lokacin!"

"Na kira Mama, ta ce ba a gaya wa mai ciki mutuwa. Ta ce in bari ki ci, ki huta, a sanar da ke a hankali bayan kwana uku. Gizlan, sau biyu na ɗauke ki cikin jini zuwa asibiti. Na ji tsoro! Wallahi don ke na yi, rabin raina..."

"Kar ka ƙara kirana haka."

Dattijon direban ya cire hularsa, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Uwarka ka tambaya ko zan ga ubana?" Muryarta ta yi ƙasa sosai. "Suna can sun buɗe fuskarsa suna kallon ƙofa, ni ina nan kana ba ni a baki. Ina dariya, Sufyan. Ka bar ni ina yi maka hirarsa!"

Ta fita cikin ruwan ba mayafi. Ta buɗe aljihun motar ta kunna wayarta. Kiran mahaifiyarta goma sha tara.

Duk da haka ya tuƙa ta, suka nufi Tizgi. Kafin Igirim suka tarar da kogi ya hau kan kwalta, jajawur, yana jan itatuwa da wata matacciyar akuya. Jandarma ya ɗaga musu hannu.

"Ku juya. Ko jirgin ruwa ne ba zai wuce ba."

"Ubana ne ya rasu," in ji Gizlan.

"Allah ya jiƙansa, 'yar'uwa. Da kun zo da safe..."

Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan wani dutse tana kallon ruwan har Sufyan ya durƙusa a gabanta cikin taɓo.

"Ki zage ni. Ki mare ni. Ki ce wani abu!"

"Da ka gaya mini, ƙila da na rasa cikin," ta ce. "Ƙila da ban rasa ba. Amma da ni ce na zaɓa."

Sai bayan kwana uku hanya ta buɗe. Ta tarar da kabari, ƙasarsa ba ta ma bushe ba. Lahasan ya karɓi jakarta daga hannun Sufyan, bai ba shi hannu ba.

Cikin bai zube ba, 'yan matana. Namiji ta haifa, aka sa masa Burahim, Lalla Batul tana ta gaya wa maƙwabta cewa shawararta ce ta tsirar da jikanta. Lahasan ya gaji fartanyar mahaifinsu da rabon ruwa, dabinon Tizgi ya yi 'ya'ya a shekarar kamar bai taɓa jin fari ba. Gizlan ba ta koma Agadir ba, tana ɗakin mahaifiyarta har yau. Sufyan bai sake ta ba, ita ma ba ta nema ba. Duk ƙarshen wata yakan tuƙo motar nan ya zo ganin ɗansa, ta gaishe shi da ladabi, ta dafa masa tajin, ta zuba masa nasa a faranti daban.