Daren da Taurari Suka Zuba

A wani zamani, a wani ƙauye, an yi wani tsoho mai haƙar kabari. Shekara arba'in yana haƙa, shi kaɗai, ba mai kama masa.

Wata rana ya dawo a gajiye, ya kwanta a tsakar gida. Sai ya ga tauraro ya faɗo. Mutanen ƙauyen kuwa sukan ce in tauraro ya faɗi, wani ya rasu.

Tsoho ya ce, "Gobe akwai aiki."

Wani ya faɗo, wani ya biyo shi, har suka yi ta zuba kamar ana sheƙar gero. Tsoho ya ƙirga, ya ƙirga, ya gaji.

Matarsa ta ce, "Malam, rufe idonka. Wa ya san ka gani?"

Ya ce, "Ni na sani."

Ya ɗauki diga ya nufi maƙabarta. Ya haƙa ɗaya, ya huta. Ya haƙa na biyu, ya huta. A na uku gari ya waye masa.

Mai gari ya zo da jama'a, ya ce, "Baba, ai kowa lafiya ya kwana. Fito, a mayar da ƙasa."

Tsoho ya ce, "Alhamdu lillahi. Amma ranka ya daɗe, a bar mini ɗaya. Ban san mai haƙa mini ba."

Kowa ya sunkuyar da kai. Can sai wani ƙato ya sauka cikin ramin, ya karɓi digar daga hannunsa.