Aku Mai Makirfo

Auta ta fito daga ɗakin watsa shiri ke nan, abin sauraro na kunne yana rataye a wuyanta, ta tarar da wani dogon saurayi ya tare ƙofar fita, hannunsa riƙe da faifai.

"Ke ce Anti Goma?"

"Ni ce. Kai ne sabon mai gadin da aka ce za a kawo?"

Bai yi dariya ba. Ya ɗaga faifan ya daidaita shi da fuskarsa, sai ta gane shi. Dogo Mai Jita ne, mawaƙin da kundinsa na farko ya shigo jerin Goman Mako a mataki na tara. Auta ce ke gabatar da shirin duk Asabar da hantsi, kuma ba a fi minti kaɗan ba da ta gama gaya wa duniya cewa kundin nasa waƙa ɗaya ce aka yi ta sauya mata riga har faifan ya cika.

"Kin san irin wahalar da na sha a kansa?"

"Na ji wahalar. Waƙar ce ban ji ba."

Ya daɗe yana kallonta, jijiyar wuyansa ta tashi. Ita kuwa, duk da tana jin haushin tare mata hanya, sai da ta lura cewa idanunsa sun fi hoton faifan kyau nesa ba kusa ba.

"Sai na rama," ya ce. "Ki rubuta ki ajiye."

"Allah ya kai mu, Na Tara. Matsa in wuce."

Ramuwar ta fara zuwa ta waya. Da yamma saƙo ya shigo daga baƙuwar lamba, da guntuwar waƙa a maƙale.

"Alƙaliya, ga wata. Ki kushe ta in gani."

Ta kushe ta tas. Washegari ya turo gyararriya, ta sake kushewa, amma a wannan karon sai da ta nemo abin faɗa. A haka suka ɗauki watanni, yana turowa don ya ƙure ta, tana amsawa don ta ƙona masa rai, har ranar da ta kama kanta tana wanke kofuna tana rera amshinsa.

"Wannan ba laifi," ta rubuta masa.

"Innalillahi! A kira likita, Alƙaliyata ba ta da lafiya."

"Wa ya ba ka ni da za ka ce taka?"

"Shi nake nema a nuna mini, in je in durƙusa."

Ta kifa wayar a kan cinyarta tana murmushi ita kaɗai, har Umma ta leƙo ta tambaye ta ko albashi aka ƙara mata.

Ya koma zuwa ɗaukarta daga aiki. Sukan zauna a wani ɗan shagon shayi kusa da tashar, yana buga tebur da yatsu, tana gyara masa baiti. Ta gano mutum ne da zai yini yana maimaita layi ɗaya saboda an jiyo jan numfashinsa. Wata rana ya turo mata waƙar da ya ɗauka da waya kawai, babu kiɗa, wadda ya yi wa mahaifiyarsa da ta rasu. A tsakiya muryarsa ta karye, ya yi shiru, sannan ya ƙarasa da kyar.

"Wannan ba ta kasuwa ba ce, Zumata. Ke kaɗai."

Abba kuwa ko sunan bai bari ta ƙarasa ba. Yana jera kwalaben magani a shagonsa ya ce, "Mawaƙi? Mutumin da yau yana nan, gobe yana wani gari ana yi masa ihu? Wanda ya saba da tafi ba ya jure shirun gida, Auta. Ban yarda ba."

"Abba, ka gan shi ma tukuna."

"Na gan shi a jikin allon talla, ya ishe ni."

Ana cikin wannan ja-in-ja, sabon kundin Dogo na dab da fitowa, sai wata waƙa ta ɓulla a intanet da sunansa. Sunanta Aku Mai Makirfo. Tun daga baitin farko babu wanda bai gane da wa ake ba: mace mai shirin Asabar, wadda ba ta iya rera ko layi ɗaya ba amma take yanke wa masu baiwa hukunci, bakinta ya fi kanta girma. Amshin kuma, abin takaici, daɗi gare shi kamar me.

Kafin a yi haka waƙar ta cika gari. Direban tasi ya kunna ta yana satar kallon Auta ta madubi. Abokan aikinta sukan yi tsit idan ta shigo. Mai sayar da wayoyi da ke maƙwabtaka da Abba ya saka ta a lasifika tun safe, masu sayen magani suna jiran canji suna kaɗa kai. Ranar Abba ya dawo gida bai ɗaga murya ba.

"Shi ne wanda kika ce in gani? To, na ji shi."

Wannan maganar ta fi zagin zafi.

Saƙonnin Dogo suka yi ta shigowa. "Wallahi ba ni na sake ta ba. Tsohuwa ce, a makon da muka haɗu na yi ta cikin fushi. Ki ɗauki waya, Zumata, don Allah."

Ba ta ɗauka ba. Ai ya ce sai ya rama, ita ce ta mance. Duk shayin nan, duk sunayen nan, ashe jiranta yake ta saki jiki.

Kuma aikinta ne ta sanar da jerin. Asabar ta zo, ta buɗe makirfo ta ce waƙar ta shigo a na bakwai, ta kunna ta da hannunta, ta zauna tana sauraron ana zaginta a cikin kunnuwanta biyu. Mako na gaba ta hau na huɗu. Shugaban tashar ya ce ta ɗauki hutu wani ya riƙe mata, ta ce ko a kan gadon asibiti take sai ta zo. Muryarta ba ta taɓa rawa ba, amma a ƙarƙashin tebur farcenta ya huda tafin hannunta.

Ranar da waƙar ta kai na biyu, Auta ta zo da shirinta.

"Masu sauraro," ta ce cikin murya mai laushi, "kun ji gwaninku da na'ura. Bari ku ji shi ba na'ura."

Ta kunna waƙar mahaifiyarsa, daidai wurin da muryar ta karye, ta kashe kafin ya ƙarasa. Ta bar shirun ya ɗan yi tsawo, sannan ta ce, "Aku dai ba ta kuka a tsakiyar baiti."

Wani sanyi ya ratsa ƙirjinta, irin wanda rabonta da shi tun fitowar waƙar. Ta fito tana takawa ɗai-ɗai. Saƙo guda ne ya shigo.

"Kin san ta wace ce. Na gode."

Daga nan bai sake turo komai ba. Ta gaya wa kanta haka take so. Umma, wadda ta saurari shirin a kicin, ba ta amsa mata sannu da gida ba sai da ta maimaita.

"Shi ya taɓa ki, ke kuma kika taɓa wadda take kabari," ta ce. "Ban haife ki da wannan ba."

Cikin makon Auta ta zauna tsara shiri na gaba, ta sa abin sauraro ta kunna waƙar zagin don ta yanke inda za ta tsaya. A karon farko ta saurare ta da kunnen aiki maimakon na zuciya. A baiti na biyu ta ji tsirkiyar jita tana zizar da bai kamata ba. Ta ji jan numfashi kafin amshi. A ƙarshe ma har ƙarar kujera. Ta mayar baya ta sake ji. Dogo ba zai taɓa barin waƙa ta fita haka ba, ko da wuƙa aka ɗora masa a wuya. Wannan ɗanyen ɗauka ne, daga kwamfutar situdiyo aka kwashe shi, kuma mutum ɗaya ne ke riƙe da makullin situdiyon: Manaja, mai kula da harkar waƙar Dogo.

Ta san Manaja sarai. Mai ƙaton agogo, mai kiran mawaƙansa "yarana". Ya taɓa nemanta da aure ta ce masa a'a a cikin ladabi, ya yi dariya ya ce zai jira ta gaji.

Kunya ta fara rufe ta. Bayan kunyar sai fushin ya dawo sabo, ya sami inda zai dosa. Ta ɗauki waya ta sa murya mai zaƙi.

"Ranka ya daɗe, waƙarku za ta hau na ɗaya. Ina so masu sauraro su san ƙwaƙwalwar da ke bayanta. Za ka zo shirin?"

Ya zo da turarensa da ya cika ɗakin. Ta yi ta zuga shi, tana kiransa mai gano taurari, har ya miƙe ƙafa ya manta jar fitilar da ke kunne a saman ƙofa, alamar duniya na jin su kai tsaye.

"Amma gaskiya Dogo ya iya lissafi," ta ce. "Sakin waƙar nan gab da kundi dabara ce ta ƙwararre."

"Wane Dogo?" Ya tuntsire da dariya. "Yaron da ya ce in goge ta? Ni na ajiye ta, ni na sake ta. Shi har da hawaye, wai zan raba shi da wata."

"Au, ba da izininsa ba?"

"Izini? Ni da na ɗauko shi daga titi?"

Auta ta jingina da kujera. "Masu sauraro, kun ji da kunnenku. Mawaƙan da ayyukansu ke cikin kwamfutar wannan bawan Allah, ku ma kun ji." Ta dube shi ido cikin ido. "Wata ɗin nan kuma ni ce. Akwai abin da za ka ƙara?"

Fitilun wayoyin tashar suka kama gaba ɗaya. Manaja ya miƙe zai fita, igiyar abin sauraron ta fizgo shi baya. Ba ta taimaka masa ya kwance ba. Sai da ya fita ta matso da makirfo.

"Saura nawa laifin. Makon jiya na kunna muku abin da aka ba ni amana. Na Tara, ban cancanci ka ɗauki wayata ba, amma zan kira."

Bai bari ta kira ba. Tana fitowa ta same shi a bakin ƙofa, ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu.

"Kin ji mini ciwo, Alƙaliya."

"Na sani. Kai ma ka ce bakina ya fi kaina girma."

"Wannan layin kam ina nan a kansa."

Ta yi dariya hawaye na zuba, ya miƙa mata hankicinsa.

Da safe ya je shagon Abba ya durƙusa a gaban kanta, masu sayen magani suna kallo. Abba, wanda kullum yake cewa ba ya sauraron shirin, ya riga ya san komai.

"Wani ya saki waƙar, na ji. Wa ya rubuta ta?"

"Ni ne, Baba. Ku yafe mini."

"Ana cewa ita ce za ta zama ta ɗaya. Abin da kake nema ke nan tun da ka fara, ko?"

"Na sa an sauke ta daga ko'ina tun jiya. Ba zan hau da sunan 'yarku a ƙarƙashin ƙafata ba."

Abba ya daɗe yana goge gilashin idonsa. "Tashi, kana tare wa mutane hanya. Ka turo manyanka."

Asabar ɗin da ta biyo, waƙar wani ce ta hau na ɗaya, Auta kuma ta sanar da ita da farin cikin da mai waƙar ma bai kai ta ba. Mawaƙan Manaja suka yi ta zare jiki ɗaya bayan ɗaya, har situdiyon ya koma wurin ajiye kujerun haya. Duk wanda ya tafi sai ta gayyato shi shirin ta kunna sabuwar waƙarsa. Umma ta ce ya isa haka, Auta ta ce saura mutum biyu.

Bayan an ɗaura aure, iyayen suka zaunar da su a falo. Yayyen Dogo mata sun cika kujeru, ƙawayen Auta sun tsaya a bakin ƙofa suna leƙe. Abba ya haɗa hannayen ango da amarya a cikin nasa.

"Na ba ka ita, kai ma na ba ta kai. Allah ya ba ku zuri'a mai albarka, ya rufa muku asiri. Allah ya sa faɗan da kuka yi a gaban duniya shi ne na ƙarshe."

Umma ta dubi 'yarta, ta dubi angon, ta girgiza kai.

"Alhaji, ka roƙi abin da zai yiwu. Ka ce dai Allah ya sa su riƙa yinsa a cikin ɗaki, ƙofa a rufe."

Falon ya kaure da dariya. Dogo ya matse yatsun amaryarsa, ita kuma daga ƙarƙashin mayafi ta riga kowa cewa amin.