Buƙatar da Ta Rage a Layi

Tun rasuwar abokin aikinta da ake kira Ba Sikazwe, Mutinta kaɗai ke kwana a ɗakin manyan kwamfutoci na wani kamfani a Lusaka. Kujerarsa ma ba wanda ya ɗauke. Shi ya koya mata cewa kafin a kashe ɗaya daga cikin ƙwaƙwalen na'ura, sai an bar layin buƙatun da take aikawa ma'ajiyar bayanai ya ƙare tas. Buƙatar da ta rage za ta yi ta jiran amsa har abada.

Daren nan gajiya ta sa ta kashe ɗaya ba ta duba layin ba.

Sai ga wani dattijo tsaye tsakanin na'urorin, ya ba ta baya. Iskar sanyi daga ramukan daɓe tana kaɗa siket ɗinta, amma wandonsa ko motsi.

"Baba, wa ya buɗe maka?"

"Layi nake bi, 'yata." Muryar daga cikin fankokin na'urar take fitowa. "Kin kashe, ba a amsa mini ba."

Ta leƙa allon kwamfuta. Buƙata ɗaya ce ta maƙale, da sunan Ba Sikazwe.

"Haba Mutinta," in ji dattijon, yana juyowa a hankali. "Haka na koya miki?"