Dutsen Audvald na Bakwai

A tsibirinmu na Gotland, idan sanyi ya kankama, ƙarfe uku na yamma duhu ya fara sauka. A irin wannan lokaci ne, wata Talata, Torsten mai sassaƙar dutse yana shan kofi da iyalinsa a kicin, sai tsakuwa ta faɗo a kan rufi. Ta biyu ta biyo. Ta uku ta faɗo kan tebur, alhali taga a rufe take.

Matarsa Gunnel ta ɗauka ta duba. Ɓantaren farin dutse ne irin na rumfar aikin mijinta, da ɗumi kamar yanzu aka sare shi. 'Yarsu Ylva ta ajiye kofinta a hankali, ta dunƙule hannun hagu, ta juya fuskarta ga bango.

Ni na koya wa yarinyar nan lissafi shekara uku. Ba ta ƙarya, ba ta neman a kula ta. Mai cewa shiri ne ya zo ya faɗa a gabana.

A harabar cocin ƙauyen akwai wani tsohon dutse da wata uwa ta kafa wa ɗanta Audvald, wanda teku ta ci. Fuska ɗaya gudumar Tor ce, ubangijin kakanni, ɗaya fuskar kuma gicciye. Shekara ashirin Torsten yana sassaƙa ƙananan kwafinsa da hannu, fuska biyu cif. Bana mai kantin tsaraba na bakin tashar jirgin ruwa ya ce masa baƙi masu yawon buɗe ido kayan mayaƙan dā suke so, ba coci ba, ya cire gicciyen. Torsten ya yi gunaguni, sannan ya sassaƙa guda bakwai, bayansu fili.

Kwana tara, da zarar rana ta faɗi, sai jifa. Ylva ta daina ci. Likita ya ce gajiya ce. A rana ta goma Gunnel ta ɗauko Fasto Botvid, tsohon da ya bar aiki, wanda ya iya karanta rubutun duwatsun nan.

Ya zauna gaban yarinyar, ya yi addu'a, ya tambayi wane ne. Muryar da ta fito daga bakinta ta namiji ce, a dishe.

"Kai mai baƙar riga, kai ma ba ka san ni ba? Kullum kana wuce ni."

Fasto ya kira sunan Audvald, ya tambaye shi me yarinya ta yi masa. Muryar ta ce uwarsa ba ta san wace ƙofa za a buɗe masa a lahira ba, ta kakanni ko ta sabon addini, shi ya sa ta sa duka biyun. Yanzu an rubuta sunansa sau bakwai, an toshe masa ƙofa ɗaya sau bakwai, yana tsaye a waje cikin sanyi. Zai tafi da yarinyar ta taya shi tsayuwa.

Torsten ya durƙusa. "Ni na sare, ni za ka ɗauka."

"Tsoho, me zan yi da kai? Hannunka nake so a kan dutse."

Aka daɗe ana ja. Daga ƙarshe Audvald ya yarda zai sake ta, amma zai riƙe hannu ɗaya jingina har sai gicciye ya koma bayan duka bakwai ɗin. Ylva ta yi dogon numfashi, ta ce, "Mama, ƙishi nake ji."

Shida suna nan a kanti, Torsten ya karɓo ya gyara cikin mako biyu. Na bakwai wani baƙo ya saya, ya hau jirgi da shi. Mai kantin ne ya aika masa da takardar shaida, don haka yana da adireshinsa. Sau huɗu na rubuta wa mai kantin. Amsarsa ɗaya ce: sirrin mai saye ne, doka ta hana.

To, idan doka ta hana shi bayarwa, ta hana shi ɗaga waya ya kira mutumin ne? Abin da nake nema ke nan, ba ƙari. Ylva ta koma makaranta, tana ci, tana dariya. Amma hannunta na hagu yana nan a dunƙule, sanyi ƙalau, wata huɗu ke nan uwarta ce ke ɓalla mata maɓallin riga.