Bas Ɗin da Earline ta Tuƙa

Earline Pettway ce ta tuƙa bas ɗin coci ranar da ya kife da mawaƙa a hanyar dawowa daga taron addu'a. Da rana tsaka ne, kwalta a bushe, ba gudu take ba. Kare ya gitta, ta ɗan karkata sitiyari kamar yadda kowa zai yi, sai bas ya ɗaga ƙafa biyu ya yi ta ƙundumbala har cikin gonar auduga. Rufin ya lotsa kamar gwangwanin madara. Mutum huɗu suka mutu, har da mijinta Cleon da ke kujerar baya yana jan baiti.

Gidajen makoki uku suka cika da kwanuka, soyayyiyar kaza da wake da burodin masara har kan kujeru. Gidan Earline kuwa ko gutsuren burodi ba wanda ya kai! Tana zaune da karyayyen hannu, 'yarta Nettie na kukan yunwa, mata suna wuce ƙofarta da kwano a rufe, suna kau da kai. Wanda ya hura wutar yayan mijinta ne, Roosevelt, dattijon coci, dillalin motocin da ya sayar wa coci bas ɗin.

"Ina bayanta a motata, na gani da idona," in ji shi. "Tashi take kamar jirgi! Mota lafiyarta ƙalau. Direbar lahira dai aka ba makulli."

Sunan ya bi ta har kanti. A bakin kabari surukarta, Mama Odessa, ta fizge hannun Nettie.

"Mama, don Allah... ita kaɗai ta rage min!"

"Kada ki ƙara ce min Mama. Kin ci ɗana, ba za ki haɗa da jikata ba."

Roosevelt ya rantse gaban alƙali, aka ba kaka riƙon yarinya, aka ƙwace lasisin tuƙin Earline, makarantar da take wa girki ta sallame ta. Ran Lahadi takan tsaya bayan shingen coci don ta hango kitson 'yarta daga nesa, hawaye na zuba, tana cewa, "Ya Ubangiji, kana cikin motar nan tare da mu. Ka ga ƙafata, ka ga hannuna... Kai ne shaidata, ba ni da wani."

Damina biyu tana haka. Sai irin bas ɗin ya kife a jihar Alabama da direban da ya tsufa a kan sitiyari. Lauyar mutanen da hatsarin can ya shafa ta zo nan jihar Mississippi neman Earline, suka maka kamfanin da ya ƙera bas ɗin a kotu. Lauyoyin kamfani suka zo da takalma masu ƙyalli, bakinsu ɗaya: laifin direba ne. Roosevelt ya sake ɗaga hannu ya rantse bai taɓa jin aibin motar ba.

Alƙali ya tilasta wa kamfani ya fito da bidiyon gwajinsa. Aka kunna. Ga bas a filin kamfani, an cika kujeru da buhunan yashi a madadin mutane, ana nuna wa dillalai. Ƙwararren direba ya ɗan karkata sitiyari... bas ya kife! Yashi ya watse. Sun ƙera shi da tsayi, ƙafafu a matse, nauyi duk a baya. In ya cika, ko mala'ika ne a sitiyari sai ya kife. Sun gani, suka share yashi, suka sayar a zuba mutane! A cikin dillalan da ke kallo kuwa, ga wani ya dafe hula da hannu biyu.

"Roosevelt!" Mama Odessa ta miƙe tsaye. "Kai ne wancan? Ka sani ka bar ƙaninka ya shiga?"

Kotu ta ɗora wa kamfani alhakin rayukan, aka janye motocin daga hanya. Roosevelt ya tafi kurkuku kan shaidar zur, aka rufe shagonsa, aka cire sunansa daga dattawan coci. Nettie ta ruga ta faɗa jikin uwarta, suka durƙushe a matakalar kotu suna kuka.

Washegari mata suka yi layi a ƙofar Earline da kwanuka, Mama Odessa a gaba.

"'Yata... kaza ce, irin wadda Cleon yake so. Ki karɓa, ki yafe mana."

Earline ta tsaya a bakin ƙofa, Nettie riƙe da siket ɗinta. Ta dubi kwanon, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Jikarki ce, Mama, ki zo ki gan ta duk ranar da kike so. Amma abincin makoki ranar makoki ake kawo shi. Ku koma da kayanku. Ba zan ci ba."